Gargaɗi: Gidajen cacar intanet da ƙaryar "ma'aikatanmu sun yi ƙaranci"

Jama'a, abin da zan faɗa da idona na gan shi a wayar ƙanena, ɗan adaidaita sahu a nan Kano. Abokinsa ne ya turo masa adireshin wani gidan caca ta WhatsApp. Ya tura naira dubu 20, ko minti ɗaya ba a yi ba kuɗin suka hau shafinsa. Ya gwada cire dubu 5, nan take ta shigo. Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza.

Kwana uku bayan nan allo ya nuna masa dubu 186. Ya danna cirewa, sai ga saƙo: wai sashen biyan kuɗi na fama da ƙarancin ma'aikata, ya yi haƙuri na awa 72. Da wa'adin ya cika suka ce hoton katinsa na NIN bai fito sosai ba. Ya sake turawa. Suka ce sai ya ɗauki hoto riƙe da katin kusa da fuskarsa. Bayan wannan kuma takardar banki. Duk abin da ya tura, lissafin awa 72 sai ya koma farko.

Don Allah a ina aka taɓa jin ma'aikata sun yi ƙaranci wajen karɓar kuɗi? Ƙofar shiga a buɗe take dare da rana, ta fita ce kaɗai ba ta da mai gadi. Ko da gaske akwai masu duba takardu, kamfanin ne ya zaɓi ya bar su kaɗan, domin jinkirin riba ne gare shi. Duk tsawon jiran nan akwai wani maɓalli a gefen kuɗinka mai cewa ka soke cirewa ka ci gaba da wasa. Wannan maɓallin bai taɓa lalacewa ba. A dare na tara ƙanena ya gaji ya danna shi, ya ce bari ya ɗan juya kafin su shirya. Kafin kiran assalatu saura dubu 11.

Akwai kuma garabasar da suke ba sabon shiga, wadda sharaɗinta ke ɓoye cikin ƙananan rubutu. Idan an ce sai ka juya ta sau 35, kyautar dubu 10 na nufin sai ka yi cacar dubu 350 kafin ka taɓa ko sisi. Mafi muni su ne masu cewa ka biya "haraji" ko kuɗin tantance asusu kafin a sakar maka kuɗinka. Haka manhajar zuba jari ta bogi CBEX ta yi wa mutane a Afrilun 2025 bayan ta rufe cirewa. Rushewar MMM ma da "ku jira wata ɗaya" ta fara a Disambar 2016.

Kuma wa za ka kai wa ƙara? Da yawansu lasisin tsibirin Kurasawo suke nunawa, can yankin Karebiyan, wasu ma hoton lasisin kawai suka kwafo. A Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A Kano kuwa caca haramun ce a doka, Hisbah ma ta rufe shagunanta a Oktoban 2024. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida, wadda ta haramta caca, kowa ya san ta. Shi ya sa wanda aka cuta yake haɗiye abin shi kaɗai, kunya ta hana shi magana, kuma da wannan kunyar ɓarayin suke cin kasuwarsu.

Idan kuɗinka sun maƙale yanzu, kada ka ƙara musu ko kwabo. Kada ka ba su BVN, lambar katin ATM ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya. Ɗauki hoton duk hirarku da rasit, ka sanar da bankinka, ka kai rahoto EFCC.

Dubu 20 ɗin da ƙanena ya fara da su balas ɗin mai mashin ne. Har yau yana biya, kuma katinsa da hoton fuskarsa suna hannun mutanen da bai san ko a wace ƙasa suke ba.