Garmin Forerunner 55: ya isa ga mai gudun fanfalaki na farko, in an saita shi daidai

Mai shirin gudun fanfalaki karo na farko, kilomita 42.195, ba agogo mai tsada yake buƙata ba. Yana buƙatar abin da zai ja masa birki a kilomita goma na farko, lokacin da jiki ke da ƙarfi, jama'a na ihu, kowa na tsere wa kowa. Yawancin waɗanda ke komawa tafiya a kilomita 30 tun a nan suka ƙone man su. Agogon Forerunner 55, wanda kamfanin Garmin ya fitar a 2021 a kan dala 200, yana yin wannan aiki sosai, amma sai ka gyara wasu saituna, domin yadda yake fitowa daga kwali yana iya ruɗar da kai ranar tsere.

Nauyinsa giram 37 ne, bayan minti biyar ka manta yana hannunka. Ba a taɓa fuskarsa, maɓallai biyar gare shi, kuma wannan alheri ne: yatsa mai gumi ba ya aiki a kan gilashi, maɓalli kuwa ko a jiƙe yake danne shi kawai za ka yi. Fuskar irin wadda hasken rana ke ƙara fito da ita ce, don haka da hantsi lambobin sun fi fitowa sarai. Kafin gari ya waye, wato lokacin da yawancinmu ke fita atisaye bayan asuba, sai ka danna maɓallin fitila a sama ta hagu. Batir yana kai awa 20 da GPS a kunne. Ko awa shida za ka yi a hanya, ba zai mutu maka ba.

Inda ake samun matsala shi ne lissafin nisa. Masu auna hanyar tsere suna bin layi mafi gajarta da keke na musamman, suna yanke kowace kwana. Kai kuwa za ka kauce wa mutane, ka ratse zuwa teburin ruwa, ka zagaya kwana ta waje, ga ɗan kuskuren tauraron ɗan'adam a kai. Saboda haka ba abin mamaki ba ne agogo ya nuna 42.6 ko fiye a layin ƙarshe. Agogon ba shi da laifi, amma in ka dogara da shi kaɗai za ka makara. Mai son gamawa a awa 4 da minti 30 yana buƙatar minti 6 da daƙiƙa 24 a kowane kilomita. In agogo ya ƙara kashi ɗaya cikin ɗari a nisa, to abin da ya kamata ka gani a fuskarsa shi ne wajen 6:20. Mai neman awa 5 lissafinsa 7:07 ne, sai ya riƙe 7:02 ko 7:03.

Hanya mafi tsabta ita ce ka kashe Auto Lap, wato saitin da ke raba maka gudun zango-zango da kansa, ka riƙa danna maɓallin ƙasa na dama da kanka duk lokacin da ka wuce allon kilomita na masu shirya tseren. A fuskar agogo kuma ka sa abu uku kawai: lokacin da ka ci, Lap Pace (matsakaicin saurinka a zangon da kake ciki), da bugun zuciya. Saurin nan-take da yake nunawa yana tsalle-tsalle, musamman a gindin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin gada, domin wannan agogo ba shi da GPS mai kama sigina iri biyu irin na sababbi. Wanda ke bin wannan lamba zai riƙa ƙara gudu yana ragewa ba gaira ba dalili. Daren tsere ka haɗa shi da waya ta manhajar Garmin Connect, da safe kuma ka kunna GPS minti goma kafin a tashi, ka jira alamar ta zama kore.

Ma'aunin bugun zuciya na wuyan hannu dama-dama ne. In agogon ya yi sako-sako, wani lokaci yakan kama yawan takun ƙafarka ya ɗauka bugun zuciya ne, sai ka ga 170 alhali kana hira kana gudu. Ɗaure shi tamau, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu. Wanda ke son lamba ta gaskiya ya sayi ɗamarar ƙirji, agogon yana karɓarta. Wannan yana da amfani ga wanda ya yi atisaye cikin sanyin hunturu a Kano ko Jos sannan ya sauka Legas, inda ake gudun fanfalaki tun 2016, galibi a watan Fabrairu: a cikin danshi da zafin can, saurin da ka saba zai ci bugun zuciya fiye da na gida, kuma zuciya ya kamata ka saurara, ba burin da ka rubuta ba.

Abin da mutane ba su cika amfani da shi ba shi ne ƙararrawar lokaci. Saita ta ta girgiza duk minti 30, ka ci wani abu mai sukari, jel ɗin 'yan gudu ko dabino, ka kora da ruwa. Jiki na son giram 30 zuwa 60 na sukari a awa, kuma sabon ɗan tsere mantawa yake yi sai jiri ya kama shi. Akwai kuma tsarin gudu-da-tafiya, misali minti huɗu gudu minti ɗaya tafiya, yana yi maka ƙara a kowane canji.

Rauninsa a fili yake. Garmin Coach, tsarin horarwa da ke cikinsa, ya tsaya a rabin fanfalaki, don cikakke sai ka ɗauko tsarin atisaye daga Garmin Connect ka tura masa. Hasashen lokacin gamawa da yake bayarwa yakan yi wa sabon shiga daɗin baki, kada ka gina shirinka a kai. Ba ya ajiye waƙa, ba taswira, ba ma'aunin tsayin tudu mai aiki da matsin iska. In kuɗi sun ɗan ƙaru, Coros Pace 3 ya fi shi GPS da batir, Forerunner 165 kuma ya fi shi kyan fuska, amma babu ɗayansu da zai rage maka minti ɗaya a tseren farko.

Mai sayen na hannu ya duba ƙananan ƙarafan caji huɗu da ke bayansa. Gishirin gumi yana cinye su in ba a ɗauraye agogon da ruwa bayan gudu, sai caji ya riƙa kamawa yana saki. Ka tabbata wayar cajinsa na tare da shi, domin tasa ce ta daban, ta waya ba ta shiga. Sannan ka cika shi, ka kunna GPS awa ɗaya cur: in batir ya sauka da fiye da kashi goma, ya gaji, a rage kuɗi ko a bar shi.