Waya ko Bluetooth: wanne ya fi wajen haɗa laptop da sifikun gida?

Malam, a kan tambayarka ta jona laptop da amfulifayar gida, ni dai waya zan ce ka saya ka huta.

Wadda ake ce wa aux ɗin nan, kai ɗaya siriri ne mai 3.5mm irin na iyafis, shi ke shiga laptop, ɗaya gefen kuma kai biyu ne na RCA, ja na sifikar dama, fari na hagu. Tawa tun bikin ƙanwata take aiki, ranar kamu muka jona ta da tsohuwar rediyon Baba mai kaset a tsakar gida, mata suka yi ta cashewa har bayan isha'i ko sau ɗaya sauti bai yanke ba, kuma har yau da ita muke sa tafsiri a ƙofar gida in azumi ya zo. Ba ruwanta da caji. Sai dai ka duba bayan amfulifayar da kyau, ramin AUX ko CD ko LINE IN za ka sa. Kar ka kuskura ka sa a PHONO, wannan na garmaho ne, ƙara ƙarfi yake sosai sai ka ji murya ta fashe, ramin MIC ma haka. In kana jin wani gurnani zuuu lokacin da laptop ke caji, musamman da janareta, zare cajar ka saurara, in ya ɗauke to daga wutar ne, wayar ba ta da laifi.

Bluetooth kuwa, to, yana yi. Yawanci kusan mita 10 ne iyakarsa, katangar ƙasa ma ta rage masa, ɗan akwatin Bluetooth da ake jonawa a amfulifayar kuma sai an ba shi wuta ta USB, in fim kake kallo kuma baki ya riga magana motsi.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da wasu masu tebur ranar kasuwa. Ka ƙirga zoben roba da ke kan siririn kan wayar, biyu ake so, mai zobe ɗaya mono ne zai iya barinka da sifika ɗaya tana magana. Wata wayar kuma roba ce zalla, silin ciki bai kai gashi ba. In ka nace sai Bluetooth, mai karɓa za ka ce a ba ka, wato wanda ke karɓar sauti daga laptop, don sun iya miƙo maka mai turawa su ce ai duk ɗaya ne. Ka tafi da laptop ɗin a gwada a gabanka kafin ka ba da kuɗi, ko ka ba mai shiga Kano saƙo ya samo maka waya mai kauri a kasuwar Sabon Gari, mita 3 ta ishe ka.