Shekara guda da Fijo 504 ta Baffa

Ba saye na yi ba, kuma ba gado ba ne, don mai ita yana nan da ransa. Baffana ne, wan mahaifina. Da idonsa ya fara rauni likita ya hana shi tuƙi, sai ya aika aka kira ni, ya miƙo min makulli da wata tsohuwar jakar fata cike da takardun motar. Sharaɗi ɗaya ya gindaya min: "Kada ka bari kowa ya ɗora mata injin da ba nata ba." Na ce, "To Baffa, in sha Allah." Yau shekara guda ke nan da 'yan kwanaki ina hawanta, kuma tambayoyi sun ishe ni a gidan mai da ƙofar masallaci, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani a tare da ita.

Fijo 504 ce, salun, samfurin GR, fara mai ɗan ruwan madara, haɗin Kaduna. Baffa ya saye ta sabuwa dal a 1984, yana aikin gwamnati. Wani abin da ya ba ni dariya da na lura shi ne, a lokacin da yake ɗokin sabuwar motarsa, Turawan da suka ƙirƙiro ta sun riga sun yi sallama da ita. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1983 kuma suka daina ƙera salun ɗinta a can. Mu kuwa kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006. Duk wanda ya tashi a Arewa a wancan zamani ya san ta: ita ce motar ofis, ita ce motar kai amarya, doguwarta ta cika tashoshi, a-kori-kurarta tana dakon hatsi ran kasuwa.

To amma 504 da yawa sun rage a gari, kuma galibinsu suna kawai ya rage. An canza inji, an yi wa jiki faci kan faci, an cusa fitilun wata motar. Abin da ya bambanta wannan shi ne ba a taɓa yi mata wannan aika-aikar ba. Fentinta na asali ne in ban da ƙofar baya ta dama da wani mai amalanke ya goga. Kujerunta suna nan da yadinsu, don tun ranar farko Baffa ya sa aka ɗinka musu riga. A cikin jakar nan na tarar da littafin rubutu na 'yan makaranta, mai layi-layi, inda ya riƙa rubuta ranar da aka juye baƙin mai, ranar da aka canza fulogi, har da kuɗin da ya biya. Shafukan farko naira ce da kwabo. Na zauna na karanta shi tas kamar labari.

Abin da ya fara kama ni shi ne kujera. Ka zauna sai ka ji ka nutse, kamar kushin ɗin falon attajiran da. Sannan gilasai ko'ina, ginshiƙan sirara, kana ganin ƙarshen bonet da idonka, ba ka buƙatar wata kyamara ta nuna maka baya. Giya huɗu ce ta hannu, tana shiga da ɗan "ƙas" mai daɗin ji. Amma inda motar nan take nuna ita wace ce, sai an sauka daga kwalta. Da damina na je ƙauyenmu, hanyar burji ce da ruwa ya zaizaye, irin wadda a motata 'yar Kwatano sai na riƙa rarrafe ina jin ƙasanta yana kartar ƙasa. Fijo kuwa lanƙwasa kawai take yi ta miƙe, ramin ya wuce ƙarƙashinka kamar ba a yi ba. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, cikinta a ɗage yake, tayoyin baya ke tura ta. Ba banza ba irinta ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975.

Sau ɗaya ta lalace min a hanya, kuma ranar ce na ƙara sonta. Mun baro Zariya mun doshi Funtuwa, da la'asar sakaliya, sai ta fara shessheƙa, ta mutu murus. Na buɗe bonet. Wanda ya saba da motocin yanzu zai yi mamakin filin da ke ciki: inji mai silinda huɗu a ɗan kishingiɗe, kabireta, lagireto, batir, kana iya zura hannu ko'ina, har kana hango ƙasa ta tsakaninsu. Na kira Baffa a waya. Bai ko tambaye ni dogon bayani ba, ya ce, "Mai yana zuwa?" Na duba, yana zuwa. Ya ce, "To wuta ce. Buɗe distiributa ka duba kwantak." Na ɓalle maƙalai biyu, na ɗaga murfin, ga bakin kwantak, 'yan ƙarafan da ke haɗa wutar fulogi suna yankewa, ya yi baƙi ya ƙone. A aljihun gaban mota akwai guntun sanfefa da sukudireba da Baffa ya ajiye tun ban san yaushe ba. Na goge, na daidaita tazarar da ido, na mayar. Kik ɗaya ta tashi. Minti ashirin ba su cika ba, kuma ni ba bakanike ba ne. Motata ta yau da kullum in ta kunna 'yar fitilar nan mai ruwan goro, sai na nemi mai kwamfuta ya jona mata na'ura, in biya kuɗin dubawa tun kafin a san ciwon.

Kada dai daɗin baki ya kwashe ni. Motar nan tana shan mai. A lissafina, a cikin gari lita ɗaya da ƙyar take kai ni kilomita takwas, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Sitiyarinta ba shi da taimakon komai sai damtsenka. In tana tafiya lafiya lau, amma ka zo juyawa a lungu ko ajiye ta a matsatsi, sai ka yi gumi. Babu na'urar sanyaya ciki. A watan Afrilu uwargida ta shiga sau biyu, ta ce ita kam ta yafe, in riƙe kayan tarihina. In cunkoso ya yi tsawo, idona yana kan allurar zafi. Kuma gaskiyar da masoyanta ba sa son faɗa: ba ta da jakar iska, birkinta na zamanin da ne, sai ka ba ta tazara. Ba na wuce 90 da ita a babbar hanya, ko da kuwa tana roƙon a ƙara.

Kayan gyara akwai, a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa ba, kuma da araha in an kwatanta. Matsalar ita ce jabu ya yi yawa. Na sayi famfon mai a wani shago, mai shagon yana rantsuwa na asali ne, bai yi wata biyu ba ya fara yoyo. Tun daga nan na koma wajen wani dattijon bakanike da ya yi rayuwarsa a kan Fijo, shi ke zaɓo min, sau da yawa ma tsohon na asali yake nemowa ya gyara maimakon sabo. Yaran garejin nasa ba su san daidaita kabireta ba, shi kaɗai ke yi, da kunne. Tsatsa ma ta fara leƙowa a ƙarƙashin dardumar direba da bakin but, wannan ne aikin da ke gabana bayan damina.

Wanda ya tambaye ni ko ya nemi irinta, ina ce masa in mota ɗaya zai riƙe ta kai yara makaranta da zuwa aiki kullum, a'a. In kuwa yana da wata, yana da inuwar ajiyewa, kuma ba ya ƙyamar baƙin mai a farce, to ya nema, amma ya duba lambar inji ta dace da takarda, ya ɗaga darduma ya ga ƙasan, kada ƙyallin sabon fenti ya ruɗe shi. Mutum uku sun taya wannan, ɗaya har ya biyo ni gida. Na ce ba tawa ba ce.

Ran Juma'ar da ta wuce na kai wa Baffa gaisuwa da ita. Yana zaune a kan tabarma a zaure, ban kai ga kashe ta ba ya ɗaga hannu ya ce in bar ta tukuna. Ya karkata kai yana saurare, can ya ce, "Wa ya taɓa mata silo? Ya yi sama." Na ce dattijon bakaniken nan ne ya ɗan ƙara silon, wato juyin inji in mota tana tsaye, saboda tana mutuwa a cunkoso. Ya ce, "A'a. Ɗauko sukudireba, zo in nuna maka."