Gargaɗi Ga Iyayen Ɗaliban Da Ke Karatu A Misra

Naira miliyan 4 da dubu 500, kuɗin makarantar 'yata da ke karatun likitanci a Alƙahira, na ɗauka da hannuna na tura wa wani mutum, kuma yau kwana 19 ke nan wayarsa a kashe. Kunya ce ta hana ni magana tun farko, domin a layinmu na Tudun Wada ni ake zuwa tambaya idan maganar kuɗi ta taso.

Kada wani ya ce kwaɗayi ne ya ja ni. Duk mai ɗa a waje ya san halin da muka shiga tun watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Na cike Form A, wato takardar neman dalar biyan kuɗin makaranta, a bankina, na yi sintiri har na gaji, ga makaranta ta ba da wa'adi cewa wanda bai biya ba ba zai zauna jarrabawa ba, ga katin nairar da yarinyar ta tafi da shi ya daɗe da daina aiki a can.

A zauren WhatsApp na iyayen ɗalibai na san mutumin. Ya ce yana fitar da citta da riɗi, kuɗinsa suna can a dala, shi kuma naira yake bukata a nan don ya sayi kaya, saboda haka zai ba ni dala a 1,500 alhali 'yan canji suna neman kusan 1,600. Ban yarda haka kawai ba. Na gwada shi da dala 200, kafin magariba an kai wa yarinyar fam ɗin Misra har ƙofar masaukinta. Na sake gwada shi da dala 300, ta samu, ta kira ni tana godiya. Wane mai hankali ne zai yi fiye da haka?

Abin da ke hana ni barci shi ne yammacin wata Alhamis bayan la'asar, yana zaune a kan benci a shagona, na buɗe waya zan tura kuɗin dala 3,000, sai ya ce, "Alhaji, asusuna ya kai iyakar abin da banki ya yarje masa, ka tura a na ƙanina." Na ga sunan ba nasa ba ne. Wallahi na gani, yatsana ya tsaya, na ɗago na dube shi, ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai 'yarka 'yata ce." Na danna. Miliyan 4 da dubu 500 suka fita cikin ƙiftawar ido, har da kuɗin filin da na sayar a Rigasa.

Ban ma faɗi ba, tun kafin gwajin farko mutumin nan ya zo mini ta'aziyyar yayana, ya zauna a tabarma, ya ci tuwo da mu, ya nuna mini hoton wani yaro ya ce ɗansa ne da ke Azhar. Yanzu na gane cewa wancan zuwan da dala 500 ɗin nan duk tarko ne. Rasit ɗin da ya turo bayan kwana biyu har da tambarin makaranta a jiki, amma da yarinyar ta kai shi ofishin kuɗi aka ce mata lambar ba ta cikin rajistarsu. Tana kuka ta kira ni ta ce, "Abba, sun ce ba a biya komai ba."

Hotunan hirarmu, saƙonnin muryarsa, rasit ɗin bogin da shaidar tura kuɗi duk suna hannuna. Na kai ƙara ofishin EFCC na Kaduna, kuma da zarar lauyana ya amince zan fitar da su kowa ya gani. Ku biya kuɗin makaranta kai tsaye a asusun makarantar, kada ku tura wa sunan da ba na wanda kuke magana da shi ba, kuma kada ƙaramin gwaji ya ruɗe ku.

Saura kwana 11 a fara jarrabawa, kuma har yanzu ban gaya wa mahaifiyarta cewa miliyan 4 da dubu 500 ne ba.