Bulon intalok a lungunan Kano: inda ya yi kyau da inda yake ba da matsala

Duk wanda ya san lungunan Fagge, Gwammaja, Kurna ko Ɗorayi a watan Agusta ya san dalilin da ya sa jama'a suka karɓi intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a shimfiɗe hanya, hannu bibbiyu. Lungun da a da sai an jera duwatsu ana tsallakawa, yanzu tsoho na iya zuwa sallar asuba da takalminsa a tsaftace. Wani wurin gwamnati ce ta shimfiɗa, wani wurin ɗan majalisa, wani kuma mutanen layi ne suka yi karo-karo suka kira masu aikin. Sai dai ana samun layi biyu a unguwa ɗaya, an yi su a shekara ɗaya, ɗaya yana nan daram, ɗayan kuwa damina biyu kacal ta mayar da shi tudu da kwari. Bambancin ba ya cikin launin bulon ko siffarsa. Yana cikin abin da aka zuba a ƙarƙashinsa da kuma hanyar da aka tanadar wa ruwa.

A fara da bulon kansa. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ake zuba kwaɓi mai ruwa-ruwa a mazubin roba, a girgiza shi a kan tebur, a bar shi ya kwana sannan a cire. Shi ne mai sheƙi da zane-zane, shi ne ke ɗaukar idon mai saye. Akwai kuma wanda inji ke matsewa da kwaɓi mai ƙarancin ruwa, fuskarsa da ɗan kaushi, ba shi da wani ado. Na roba ya dace da tsakar gida da harabar shago. A titin jama'a na inji ne abin saye, domin kaurinsa ɗaya ne daga na farko har na ƙarshe, ya fi ƙarfi, kuma ba ya santsi. Na roba idan gansakuka ta kama shi a gefen da rana ba ta kaiwa, yana kayar da mai babur da mai tafiya a ƙasa, kuma da yake yawancinsa saman ya fi ƙasan ƙanƙanta don ya fita daga mazubi, ba ya riƙe ɗan'uwansa sosai.

Kauri ma iri biyu ne aka fi sani: santimita 6 da santimita 8. Na 6 ya ishi lungun da mutane, babura, kurar 'yan ga-ruwa da ƙananan motoci kawai ke bi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 Adaidaita Sahu ke kutsawa har cikin lunguna, to na 6 yana ɗaukarsu ba matsala. Amma idan layin yana da faɗin da tifa ko tankar ruwa ko motar siminti za ta iya shiga, a tabbata wata rana za ta shiga, ko da an kafa ƙarfe a bakin layin. Irin wannan layi na 8 yake buƙata.

Lissafin siminti shi ne inda ake cutar mai saye. Bulo mai kusurwa huɗu, tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Idan kaurinsa 6 ne kuma an yi shi yadda ya kamata, buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce murabba'in mita biyu zuwa biyu da rabi ba, wato bulo 100 zuwa 125. Mai buga bulon da ke fitar da murabba'in mita huɗu daga buhu ɗaya zai iya karya farashi yadda ya ga dama, amma kayansa za su fara zubar da gari kafin shekara ta zagayo. Haka nan kwaɓin yana son garin dutse da ƙananan tsakuwa da yashi mai kaifi. Yashi mai laushi ko mai haɗe da laka yana shan ruwa da yawa, yana raunana simintin.

Gwajin ba shi da wuya, kuma a wurin mai sayarwa ya kamata a yi shi kafin a biya. A zaɓi guda biyar daga tsakiyar tari, kada a karɓi wanda aka miƙo. A buga biyu da juna: mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, mara kyau sautinsa a dushe yake. A karce gefensa da ƙusa, idan gari ya zubo, siminti bai isa ba. A ɗaga shi zuwa ƙirji a sake shi a kan daɓen kankare, ɗan guntun kusurwa na iya fita, amma bai kamata ya rabu biyu ba. Mai kaurin 6 ɗin nan nauyinsa ya kamata ya kusanci kilo uku. Sannan a tambayi ranar da aka buga shi. Siminti na buƙatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A lokacin hunturu iska na busar da bulo da sauri har mai shi ya ɗauka ya yi, alhali ƙishirwa ce ta kama shi, bai nuna ba. Farin gishirin da ke fitowa a fuskar sabon bulo kuwa ba aibi ba ne, ruwan sama na wanke shi.

Yanzu ga inda aikin yake. Intalok ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai, miƙa shi yake yi ga abin da ke ƙasa. Mai aikin kirki zai fara da tone lungun, zurfin santimita 25 zuwa 30, ko ɗan fiye da haka a layin manyan motoci, ya kwashe baƙar ƙasa da leda da tsummoki da duk tarkacen da shekaru suka binne. A Kano wannan mataki yana da nauyi fiye da wasu garuruwa, saboda gidaje da layuka da dama a cikin birni da kewayensa a kan tsofaffin kududdufai suke, waɗanda aka cike da shara. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru. Idan an tona aka tarar da bola, dole a ƙara zurfi har a taɓa ƙasa mai tauri, ko da kuɗin burji zai ƙaru. Bayan tono sai a zuba burji, kaurin santimita 15 bayan an daɓe, ko 20 a layin manyan motoci. Ba a zuba shi gaba ɗaya. Kashi biyu ake yi, kowane kashi a yayyafa masa ruwa daidai yadda in an dunƙula a hannu zai riƙe ba tare da ya ɗiga ba, a bi shi da injin daɓe sau da yawa. Daɓe da katako ko da guntun bulo a hannu ba ya isa. Yawancin lungunan da suka lotsa, a nan aka yi musu ha'inci: an baje burji da shebur, an taka da ƙafa, an rufe da yashi, ba wanda ya gani.

Kan burjin ake shimfiɗa yashi mai kaifi, santimita 3 zuwa 4, a ja shi da katako a kan bututu biyu don ya daidaita. Wasu masu aiki suna cika yashi har santimita 10 don su ɓoye rashin daidaiton ƙasa. Yashi mai kauri haka yana gudu ƙarƙashin taya, bayan 'yan watanni sai a ga sawun mota ya kwanta a layin. Akwai kuma al'adar shimfiɗa leda a ƙarƙashin yashi wai don hana ciyawa. A ganina ɓarnar kuɗi ce mai cutarwa. Ciyawar daga sama irinta ke faɗowa cikin tsagin bulo, ledar kuwa tare ruwa take yi, yashin ya jiƙe ya zama kunu, bulon ya riƙa rawa.

Kafin a jera bulo ko ɗaya, sai an kafa bulon gefe a cikin kankare, hagu da dama da kuma bakin layin. Shi ke hana jerin buɗewa. Inda aka bar gefe ba kariya, ko aka dogara da katangar gidan ƙasa, bulo na farko zai zame, na biyu ya bi shi, cikin damina ɗaya a rasa mita guda. Jerin da ya fi ƙarfi shi ne na kaikaice, inda kowane bulo ke tokare da ƙugun ɗan'uwansa, ba jeri miƙaƙƙe mai bin hanyar taya ba. A bar tsagi na milimita 2 zuwa 5 a tsakani, a bi da injin daɓe, a watsa busasshen yashi mai laushi a share shi cikin tsagin, a sake daɓewa, a sake sharewa har ya cika. Wannan yashin ne ke kulle bulon. Kada a yarda a cike tsagin da siminti, domin zai tsage, kuma an kashe babbar fa'idar intalok ke nan.

Fa'idar ita ce ana iya ɗaga shi a mayar. Bututun ruwa a lungunanmu ba su da zurfi, suna yawan fashewa, kuma kullum akwai mai son jan sabon layi zuwa gidansa. Da kwalta ko kankare sai an fasa, tabon kuma ya zauna. Da intalok ana cire murabba'in mita biyu, a gyara, a daɓe, a mayar da bulon da aka cire. Ga shi ba ya buƙatar manyan injina, baro da kwanon sarki sun isa su shigar da kaya lungun da mota ba ta shiga, kuma mutanen layi na iya yin mita 50 bana su ƙara 50 baɗi.

Abin da ya fi damuna a aikin da ake yi yanzu shi ne tsayin titi. Tono da kwashe ƙasa kuɗi ne, don haka wasu 'yan kwangila sukan zuba burji da yashi da bulo a kan ƙasar da suka tarar. Lungun sai ya tashi da kusan taku ɗaya, ya zarce dokin ƙofar tsofaffin gidaje. Ruwan da a da yake fita daga zaure yanzu ciki yake komawa, bututun wanka ya koma ƙasa da titi ya toshe, gindin katanga ya riƙa shan ruwa. Ga gidan ƙasa wannan hanyar rushewa ce, kuma masu irin waɗannan gidaje su ne marasa ƙarfin ɗaga ƙofa da daɓen tsakar gida. Dole fuskar intalok ta zauna ƙasa da dokin ƙofar gidan da ya fi kowane kwari a layin, da aƙalla santimita 15. A ɗauko tiyon ruwa na auna daidaiton ƙasa a auna gida-gida kafin a sari ƙasa, a sa alama a bango, mai unguwa da masu gidaje suna tsaye.

Gangara kuma santimita 2 ce a kowace mita. Lungu mai faɗin mita 3 da aka karkatar gefe ɗaya zai sauka da santimita 6 zuwa lambatu. Idan lungun ya yi ƙunci har ba wurin lambatu, sai a karkato gefe biyu zuwa tsakiya, a yi ƙaramar kwata ta kankare. Kwatar ita ake fara ginawa, kuma sai an bi ta an ga inda za ta zube. An sha gyara layi ɗaya a tura ruwansa duka cikin layin da ke bayansa, maƙwabta su shiga gaba da juna. Ruwan wanka da wanke-wanke da ke kwarara kan bulo kullum ya fi ruwan sama ɓarna, saboda ba ya barin yashin ƙasa ya bushe. Kowane gida a haɗa bututunsa da lambatu kai tsaye.

Ga masu karo-karo, lissafin lungu mai tsawon mita 100 da faɗin mita 3 shi ne: murabba'in mita 300, bulo 15,000, a ƙara 750 saboda yanka da fashewa, bulon gefe mita 200, yashin shimfiɗa wajen kubik mita 12, burji kubik mita 45 bayan daɓe, wanda a tifa zai fi haka tunda yana raguwa. Idan a wurin za a buga bulon, siminti buhu 120 zuwa 150. Farashi yana bin kuɗin siminti da na man tifa, don haka a nemi a rubuta kowane abu da kuɗinsa daban maimakon jimla ɗaya a kan murabba'in mita. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, a tambaye shi zurfin tono da kaurin burji da kwana nawa zai yi hayar injin daɓe. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an ga ruwan sama mai ƙarfi ya sauka ya wuce, ko a zuba tankar ruwa a ga inda ya kwanta.

Bayan an gama, rayuwar layi tana canzawa. Ƙura ta ragu, mai ƙosai da mai shayi sun samu wuri mai tsafta, shimfiɗa tabarma don zaman makoki ko ɗaurin aure ya yi sauƙi. Amma babura suna ƙara gudu a wurin da yara ke wasa, saboda haka a gina tudun rage gudu da bulon kansa tun farko. Da rana yana ɗaukar zafi ya riƙe har bayan magariba, fiye da ƙasa, don haka bishiyar da ke layin a zagaye ta a bar mata fili, kada a sare. Wutar girkin biki da ƙona shara a kansa suna tsaga shi, baƙin man bakanike ba ya fita, masu kafa rumfa kuma sukan zare bulo su soka ƙarfe su tafi ba su mayar ba. Rami ɗaya da aka bari buɗe yakan ci na kewaye da shi cikin makonni.

Ga lungu da ƙananan layukan unguwa, intalok na inji ya fi kwalta da kankare dacewa, matuƙar an yi tono, an daɓe burji, an kafa gefe, an fitar da ruwa. Ga layin da ruwa ke kwanciya ba shi da mafita, a kashe kuɗin a kan magudana tukuna, bulon ya jira wata shekara. Inda aka riga aka shimfiɗa, a ajiye ragowar bulo 200 a gidan mai unguwa, sannan kowace shekara kafin saukar damina a yashe lambatu, a sake share yashi cikin tsagin da ya zurma.