Abincin hamsta: gaurayen hatsi ko curarren abinci?

Masu kiwon hamsta, ƙaramar dabbar nan mai kama da ɓera da take tara abinci a kumatu, sun sha tambaya wanne ya fi: gaurayen hatsi ko curarren abinci na kamfani?

Gaurayen hatsi ya fi kusa da abin da take ci a daji: gero, alkama, sha'ir, 'ya'yan kabewa. Yana sa ta tono da bincike, musamman in an warwatsa shi cikin shimfiɗar keji. Matsalarsa zaɓe. Sai ta tsince gyaɗa da sauran masu maiƙo ta bar saura, in kuma ana sake cika kwano kullum, ƙiba ce za ta biyo baya. Kada a ƙara sai ta cinye na jiya, a duba har ma'ajiyarta da ke kusurwar keji. Gaurayen da aka zuba wa busassun 'ya'yan itace ko zuma a guje shi, domin ƙananan hamsta nau'in da ake kira Campbell suna saurin kamuwa da ciwon suga.

Curarren abinci kuwa kowace ƙwaya iri ɗaya ce, babu zaɓe, kuma taurinsa yana rage tsawon haƙoranta na gaba da ba sa daina girma. Sai dai wasu kan gundura da shi.

Ko wanne aka saya, a duba furotin ya kai kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari. Babbar hamsta 'yar Siriya cokalin cin abinci ɗaya ya ishe ta a rana.

Sabon mai kiwo, ko mai hamstar da ta yi ƙiba, curarren ya fi masa sauƙi. Wanda yake da lokacin aunawa da sa ido, gaurayen zai yi masa.