Ɗakin gwajin jinin da na kai 'yar ƙanena kafin a sa mata rana

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, kasuwar ɗakunan gwajin jini ta buɗe a Kano. Dokar ta ce sai an duba ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da kuma jinotayif, wato gwajin sikila. Takardar sakamako ba wuyar samu gare ta ba, ko'ina za a buga maka. Wahalar tana wajen samun wurin da za ka yarda da abin da ya rubuta. Ni dai na dace da wani mai zaman kansa a kan titin Zariya, gaba kaɗan da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda na raka 'yar ƙanena.

Wurin ƙarami ne, amma fes. A gabanmu aka ɓare sabuwar allura, a gabanmu aka rubuta suna a jikin kwalbar, aka miƙo wa yarinyar ta karanta ta tabbatar. Sai dai abin da ya sa na natsu da su tambaya ce da ma'aikaciyar ta yi kafin ta taɓa hannunta: "An yi miki ƙarin jini cikin wata ukun nan?" Na ce mata, 'yata, me ya haɗa wannan da aure? Ta ce, "Hajiya, jan ƙwayar jini takan yi kusan kwana 120 a jiki. Idan mai SS, wato mai ciwon sikila, ya karɓi jinin mai AA, wanda ba shi da sikila ko kaɗan, muka gwada shi a tsakanin nan, yana iya fitowa kamar AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai." Na sha yin gwajin jini a rayuwata, ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Na nemi ta nuna mini yadda suke aikin, ba ta ƙi ba. Akwai gwaji mai araha da ake ɗiga sinadari a kan jini, a duba da madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, wato nau'in himogulobin (sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini) mai jawo sikila. Ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C sam, wani nau'in himogulobin da shi ma ke jawo sikila idan ya haɗu da S. Su kuwa da na'urar lantarki suke amfani, wadda ke jan nau'o'in himogulobin a kan wata siririyar takarda, A da S da C kowanne ya tsaya a layinsa. Kuma duk lokacin da za su kunna ta sai sun sa jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe, don a gwada layi da layi. Na ga takardar da idona. Wannan ne dalilin da sakamako ke kwana, domin sai sun tara samfura su yi gaba ɗaya, kuma ban ga laifin hakan ba.

Yarinyar ta fito AS. Nan take idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Gwaggo, ashe ba ni da lafiya?" Ma'aikaciyar ta jawo kujera ta zauna. Ta bayyana mata cewa AS ba ciwo ba ne, hasali ma yana ba yara kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka tun 1954, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu. Matsalar tana zuwa ne idan AS ya haɗu da AS, ko da AC, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Ta kuma gyara mana wani kuskure da na daɗe ina ji a gidajen biki, wai idan masu AS biyu suka haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai zo da sikila. Ba haka ba ne. Ɗaya cikin huɗun nan na kowane ciki ne daban, don haka ana iya samun uku a jere duk SS. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan bayanin ya fi takardar kanta daraja. Na yi jinyar ɗan maƙwabciyata mai wannan ciwo, na san kukan da ciwon ƙashi ke sa yaro cikin dare.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne teburin karɓar sakamako. Yana tsakiyar wurin zaman jira, ana kiran suna da ƙarfi, kowa na kallon fuskar wanda ya buɗe ambulan. Wurin da ake gwada ƙanjamau da ciwon hanta bai kamata ya rasa ɗan ɗaki mai ƙofa ba, kuma na faɗa wa mai kula da wurin haka kafin mu fito. Kuɗinsu ma ya ɗara na asibitin gwamnati, wanda zai yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi.

Manemin nata ya je daga baya, ya fito AA, sannan iyaye suka zauna maganar rana. Ina roƙon iyaye su bi wannan tsarin, a yi gwaji tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, ba sai lefe ya shigo gida ba. Duk inda kuka je, ku tambayi wace hanya suke bi wajen gwada jinotayif. A je da safe, musamman ranar Juma'a da suke tashi da wuri, kuma a karya kumallo, domin wannan gwajin ba ya buƙatar a zo da yunwa.